Ɗan Benci

A talabijin, mai jefa ƙwallon ƙungiyar da masu cin abinci ke goyon baya ya faɗi riƙe da gwiwa, sai gidan abincin nan na garin Hyattsville, a Amurka, ya kaure da zagi.

"Shi ke nan, kakar wasan bana ta mutu!" in ji wani direban tasi, yana dukan tebur. "A ƙwallon Amurka, ƙungiya ba 'yan canji? Duk tarkace ne a benci."

Abokinsa ya nuna talabijin. "Dubi wanda za su sako. Wallahi gara ni!"

Mai gidan abincin, wata dattijuwa 'yar Jos, ta zo ta kwashe farantansu tun ba su ƙoshi ba.

"Mama, lafiya?" in ji direban.

Idonta na kan yaron da ke saka hular kwano a talabijin.

"Ku fita," ta ce. "Ba a cin tuwona ana zagin ɗana."