'Yar Wadda Ta Yi Magana

Tun da aka kafa dokar cewa duk masanin da ya ba gwamnati shawara sai an fara gwada ta a gidansa, shirin masana na rediyo ya koma kiɗan goge zalla. Babu mai zuwa.

Sai 'yata, Farfesa Hurera. Duk da tana da 'ya, ta shiga rediyon ta ce a koyar da lissafi da kimiyya da Hausa a firamaren gwamnati. Washegari, bisa dokar, aka cire Ummita, 'yarta tilo, daga makarantar kuɗi.

Yau ni na kai yarinyar makarantar unguwa. A bakin ƙofa na ci karo da maƙwabcina, Alhaji Tanimu.

Ya ce, "Malam Ilu, da ni ne kai, da na hana ta. Ka manta masanin nan da ya ce ruwan famfo lafiya lau ne? Da shi da iyalinsa aka sa suka sha, har yau gidansa a kulle yake."

Na ce, "Wancan ya faɗi abin da bai yarda da shi ba. Tawa kuwa ba ta taɓa zuba wa wani tuwon da ba za ta ci ba."

Ni kuwa na riƙe hannun jikata muka shiga.

Malamar aji ta leƙo ta tambayi Ummita, "Ke 'yar wa ce?"

Yarinyar ta ɗaga murya har 'yan bayan aji suka miƙe suna leƙe. "'Yar wadda ta yi magana."