Ɗigon Buta a Kan Tubali

Tunda ka ce za ka huda bangon gidanku na gado ka sa na'urar sanyi, tsaya ka ji wannan kafin ka kira ma'aikata.

Akwai wata mai sayar da man gyaɗa a cikin birni, mijinta ya rasu ya bar ta a gidan ƙasa na iyaye da kakanni. Ɗakinta soro ne mai rufin azara, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Yaɓen makubar da ke bayansa marigayin ne ya yi da hannunsa shekarar da zai cika, har yau shatin yatsunsa na nan. A kasuwa kuwa kowa ya san ta. In ta taya kaya, mai shi sai ya yi salati, kuma ba a taɓa jin ta saya a kuɗin da aka fara faɗa ba. To, wata bazara zafi ya kwantar da ita, hawan jini ya taso, sai 'yarta da ke aiki a wani gari ta aiko mata da na'urar sanyaya ɗaki, esi ɗin nan, sabuwa a kwalinta. Saura a sa.

Aka kira mata wani mai wannan sana'a, gajeren dattijo marar yawan magana. Ko kwalin bai kalla ba. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi azara, ya bi wayar wuta da ido har mita, sannan ya zauna a bakin tabarma ya faɗi abin da aikin zai ci. Sai an ja sabuwar waya, don ta gidan siririya ce, ta zamanin ƙwan lantarki ɗaya da rediyo, in aka ɗora mata wannan nauyi wuta za ta kama. Injin waje yana rawa, bangon ƙasa kuwa ba ya son girgiza, don haka ƙafar ƙarfe za a kafa masa a ƙasa. Ga toshe taga. Sannan dogon bututu da zai janye ruwan da na'urar ke tsiyayarwa, ya kai shi can tsakar gida, nesa da gindin bango.

Ta gyara ɗaurin zane, ciniki ya kankama. Waya ta yarda, don ta taɓa ganin gobara da idonta. Ƙafar ƙarfe ta ce maƙerin unguwa zai yi a rabin kuɗin, ya ce gaskiya ne, a ba shi. Taga ta ce ko tsumma ya toshe, ya yi dariya ya rage. Da aka zo kan bututu sai ta kafe.

"Malam, ɗigo fa ka ce. Bangon da ya ga damina saba'in, ɗigo ne zai kayar da shi? Ni ka raina ko shi?"

"Hajiya, ita damina zuwa take ta tafi, rana ta busar. Wannan ba ya tafiya."

Ta ce ita ba ta sayen magana. Ya ce shi ma ba ya sa esi a gidan ƙasa ba bututu, ko da za a ninka masa lada.

Ta zaci zai miƙe ya yi tafiyar nan ta 'yan kasuwa, wadda ake yi ana waige. Bai miƙe don tafiya ba. Aron butar alwala ya nema. Ya ɗauko wani tsohon tubali daga kangon akurki, wanda rana ta gasa ya yi tauri kamar dutse, ya ajiye a inuwa. Ya cusa tsumma a bakin butar, ya rataye ta a igiyar shanya, ya karkata ta har ta fara ɗiga a kan tubalin, tal, tal. Sannan ya dawo ya zauna yana tambayarta yadda gyaɗa ta yi bana. A ranta ta ce so yake ya gajiyar da ni, bai san da wa yake ba. Suka yi ta hira, aka yi azahar, ya ƙara cika butar. Da la'asar ya ce ta je ta taɓa.

Ta sa yatsa, yatsan ya nutse har gaɓa biyu. Ta ɗaga tubalin, ya rabe a hannunta kamar malmalar tuwo.

"Buta biyu ke nan," in ji shi. "In iska ta yi laima, na'urarki sai ta cika bokiti a yini. Kullum, kuma wuri guda."

Ta dubi lakar da ke hannunta, ta ɗaga ido ta dubi shatin yatsun nan biyar a bayan ɗakinta. Ta kwance bakin zane ta biya kuɗin bututu yadda ya faɗa, ko sisi ba ta rage ba, ta ɗora masa kwalbar man gyaɗa, ta ce, "Amma kada in ji wannan a kasuwa." Shi bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ita ce da bakinta ta cika unguwa da labarin, tana cewa ta shekara arba'in tana ciniki, sau ɗaya aka kayar da ita, kuma gwani ne ya kayar da ita.

Bangon yana nan tsaye, ɗakin sanyi ƙalau, zogalen da ta dasa a bakin bututun ko da rani kore shar. Da mutumin nan ya tsaya yin musu da ita, da har gobe suna yi. Shi ya san abin da Hausawa suka faɗa: gani ya kori ji.