Kujerar Bayan Direba

Ranar Talata da hantsi, a gindin darbejiyar mai faci da ke hanyar Kiyawa, Falalu ya ga George a durƙushe yana auna tayar motar sojoji. Karo na uku ke nan cikin mako biyu.

Sojojin suna can gefe suna shan shayi. George ya auna faɗin tayar da zare, ya ƙulle zaren, ya cusa a aljihu. Sannan ya rufe ido, ya bi ƙofar motar da tafin hannu tun daga madubi har mariƙi.

Falalu shi ne shugaban 'yan sintirin unguwarsu a Dutse, kuma ya san inda irin wannan kallo yake ƙarewa. Shekara biyu da suka wuce aka yi wa yayansa Abdurrahim, soja, kwanton ɓauna a dajin Zamfara, cikin irin wannan mota mai buɗaɗɗen baya. An ce wani ne ya sayar da labarin fitowarsu. Can aka binne shi. Mahaifiyarsu Adda, wadda ta daɗe da rasa gani, ba ta zubar da hawaye ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Falalu ya haɗa fushinsa da nata ya riƙe shi kaɗai.

George mutumin Filato ne. Ya yi ritaya daga aikin zanen gine-gine, ya ƙi komawa garinsu, ya buɗe ɗan shago yana ƙera ƙananan motoci da gwangwani da dalma: tifa, tirela, a-daidaita-sahu, kowace da fentinta. Wasan yara a hannun mai furfura, in ji Falalu. Ai dole akwai wani abu a ƙasa.

Ya fara bin sawu. Mai shagon intanet ya ce dattijon yakan yini yana buga hotunan ƙananan motocin yaƙi, ta gaba, ta gefe, har ta ƙasa, yana ware irin waɗanda ake amfani da su a nan. Wani tsohon soja mai gadin makaranta ya ce an tambaye shi kaurin ƙofa, da inda mai bindiga ke tsayawa, da mutum nawa ke zama a ciki. Launi ne kawai ba a tambaye shi ba.

Ga kuma Kaneng, matar George, da ta mayar da gidan su Falalu wurin zuwa. Daddawa take saye a wurin Adda, amma daddawar naira ɗari biyu ba ta kai mutum la'asar a ɗaki. Da Falalu ya shigo sai su yi shiru. Ranar Laraba ya duba bangon ɗakin Adda, ya ga ƙusa babu hoto. Hoton Abdurrahim ne, cikin kaki, zaune a bayan direba, ƙofa a buɗe.

Alhamis bayan azahar ya je shagon George da mutum shida.

Hoton yana kan tebur, a tsakiyar takardu cike da layuka da lambobi, inda aka raba kowane awo gida goma sha shida. Kusa da shi ga wata ƙaramar motar gwangwani, irin ta sojojin. Tsawonta taƙi biyu, ƙofofinta suna buɗewa, ga ƙarfen ɗora bindiga a baya, ga zanen taya tsaga-tsaga. Ba a shafa mata fenti ba. An goge kowane baki da magagari har ba inda zai yanki yatsa. A kan kujerar bayan direba an dasa kan ƙusa guda, ya ɗan taso.

"Nan za a harba ke nan?" in ji Falalu. "Wa kake yi wa aiki?"

"Ɗana, amana ce. Ba zan faɗa ba."

"Ni ba ɗanka ba ne. Wa ya ba ka hoton nan?"

George ya dubi taron da ya fara cika ƙofa, ya dubi Falalu. Wani ya ce infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga labari, kalmar ta zagaye layin kafin a ƙifta ido. George ya sha mari biyu. Sai da Falalu ya ajiye motar a ƙasa ya ɗaga takalmi sannan dattijon ya yi magana.

"Wata huɗu na yi a kanta. Don Allah, ka kai ni inda za ka kai ni, amma ka bar ta."

Falalu ya taka ta sau uku. Ta koma faifai.

Aka ɗaure George da igiyar awaki, aka jefa shi a a-daidaita-sahu tare da takardunsa, aka miƙa shi ga hukuma da shaidu bakwai. Kaneng ta bi su a guje ba takalmi, tana kiran sunan Falalu, bai waiwaya ba. Kafin la'asar an kwashe kayan shagon an cinna musu wuta a bakin kwata.

Falalu ya shiga gida yana jin sauƙin da rabonsa da shi tun ranar ta'aziyya. Adda tana kan tabarma, fuskarta wajen ƙofa, ta share gabanta ta shimfiɗa sabon zane.

"Kai ne? Na zaci Kaneng ce, yau ta ce za ta zo."

Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta sunkuyar da kai, ta rage murya.

"Kada ka faɗa wa kowa. Leƙa mini wurin mijinta, ka ji ko ya gama motar da na roƙa ya ƙera mini, irin ta wancan yaron. So nake in shafa inda ya zauna."