Karen da Aka Hana Fita Farauta

Kai da kake cewa ai ɗan tari ne kawai, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mafarauci a wani ƙauye na bakin daji, yana da baƙin kare mai suna Duna. Shekara huɗu a jere Duna ake fara saki ranar babbar farauta, domin in ya sa hanci a ƙasa, zomo da gada sai su yi ta kansu. Mai shi kuwa tafiya yake yana buɗa kafaɗa, ka ce shi ya haife shi. Wata shekara, bayan an kawar da amfanin gona, aka kaɗa gangar farauta, aka sa rana, saura kwana uku. Washegari da safe mafaraucin ya zuba wa Duna ɗumamen tuwo, sai karen ya sunsuna ya kau da kai. Mutumin ya tsuguna yana kallo. Ya ga kare ya yi atishawa sau uku, ruwa na ɗiga daga hancinsa, idanu duk kwantsa. Can karen ya miƙa wuya ya yi wani busasshen tari kamar ƙashi ya maƙale masa, amma ba abin da ya fito sai 'yar kumfa. Mutumin ya taɓa kunnuwansa ya ji zafi rau. Ya ɗauko igiyar fita daji ya kaɗa, igiyar da kullum ke sa Duna tsalle har ya nemi ture shi, sai karen ya motsa wutsiya sau ɗaya ya koma inuwar rumbu ya kwanta. Abin ya dami mafaraucin, don yana son karen nan, yana kuma son girman da karen ke jawo masa.

Maƙwabcinsa ma mafarauci ne, yana da jan kare da ya kwana biyu yana irin wannan tari. Ya leƙo ta kan danga ya ce, "Haba maƙwabci, wannan ai ba ciwo ba ne. Mutanen ƙetaren rafi ne suka ɗaure wa karnukanmu hanci don kada mu riga su ga nama. Ni tuni na karɓo laya na rataya wa nawa. Nemo taka, jibi mu fita mu ba su kunya."

Mafaraucin ya ce, "To, Allah ya kyauta." A ransa ya san ɗaurin hanci ba ya zuwa da majina da zazzaɓi. Ya kuma tuna a 'yar fitar da suka yi makon jiya, karnukansu sun sha ruwa a sakaina ɗaya da karen wani baƙo mai tari. Sai ya ɗaure Duna a bayan rumbu nesa da kowane kare, ya shimfiɗa masa buhu, ya ware masa kaskon ruwansa, ya riƙa goge masa hanci da tsumma mai ɗumi. Ya hau keke ya ɗauko malamin dabbobi. Malamin ya saurari ƙirjin kare ya ce mura ce, ba ta sauka huhu ba tukuna, hutu take so da romo mai ɗumi. Amma in majina ta yi kauri ta koma kore, ko haƙarƙari ya fara sama da ƙasa don wuyar numfashi, ko kare ya ƙi shan ruwa, a kira shi nan take. Ya ƙara da cewa ba abin da ke saurin saukar da ciwon nan ƙirji kamar dogon gudu.

Ranar farauta ayari ya biyo ta ƙofar gidansa, ganga na tashi, karnuka na haushi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "A gai da ungozomar kare! Yaya mai jego?" Aka kwashe da dariya. Maganar ta soke shi ƙwarai, har sai da ya dubi sandarsa da ke jingine, amma ya daure ya koma cikin gida.

A daji jan karen maƙwabci ya kasa bin sawu, hanci a toshe, sai da zomo ya tashi a gaban idonsa sannan ya bi. Gudu ɗaya ya yi mai tsawo, ya faɗi yana haki, a kafaɗa mai shi ya ɗauko shi. Kafin nan kuwa, da rana ta take, an tsiyaya ruwan gora a sakaina ɗaya kamar yadda aka saba, karnukan ƙauyen duk sun sa baki bayansa. Mako bai zagayo ba sai da tari ya shiga kowane gidan mafarauci. Jan karen ya mutu a kwana na shida da layarsa a wuya, wasu uku suka bi shi, sauran suka rame har damina ta faɗi ba su sake moruwa ba.

Duna ya warke sarai cikin kwana goma sha biyu. Duk sauran ranin nan shi kaɗai ne karen da ke shiga daji daga ƙauyen. Wata safiya maƙwabcin ya yi sallama, kai a sunkuye, ya roƙi a yarda ya riƙa bin su ko da ɗaukar gora ne, don iyalinsa sun daɗe ba su ga nama a miya ba. Mafaraucin bai yi masa gori ba, ya miƙa masa gorar suka kama hanya.

Saboda haka in karenka ya ƙi abinci, yana atishawa da tari, hanci na zuba, ware shi ka bar shi ya huta, ka nemi masani, masu dariya su yi ta yi. Hausawa sun riga sun faɗa: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.