Randar da Ta Tsaya a Rabin Hanya

Kai da kullum kake cewa sai hannunka ya yi nauyi za ka je gaida 'yan'uwa, gyara zama ka ji. Wata maginiyar tukwane ce, ƙanwarta na aure a ƙetaren wani kwazazzabo mai zurfin tsiya. Hanya ɗaya ce tak, 'yar siririya ta katako da aka kafa a jikin dutse, ita ma ta ruɓe ta zube tun suna goyon fari. Sai da furfura ta fito musu aka gyara ta, aka sa sabon katako da ƙarfen dafawa. Jama'a suka yi ta tururuwa, amma ita ta ce ina! Bayan shekarun nan ta je wa ƙanwarta hannu rabbana? Ta zauna ta gina randa shirgegiya, ta gasa, ta ɗora a gammo, ta kama hanya tana taƙama.

Tafiya ta yi daɗi, ruwa na ruri can ƙasa, tsuntsaye na shawagi ƙarƙashin ƙafarta, tana salati tana dariya. Can tsakiya sai ga dutse ya sunkuyo kan hanyar, ko mai doguwar hula sai ya duƙa. Ta rage tsawo, randa ta ƙi. Ta sauke ta rungume, ƙarfe ya tare. Baiwar Allah kamar ta yi kuka, har ta juya, sai zuciya ta ce mata, in kin koma yau, wa ya ba ki gobe? Ta ajiye randar a wani lungu inda ruwa ke ɗiga daga dutse, ta wuce, kunya fal cikinta. Ƙanwar na tankaɗe ta hango ta, ta yi wurgi da rariya, ta sheƙo tana guɗa. Maginiya ta fara kame-kame, "Wallahi na taho miki da randa..." Ƙanwar ta ce, "Haba Yaya! Randa aka ce miki nake kewa?" Suka rungume juna, ga kuka ga dariya. Da ta kwana biyu ƙanwar ta rako ta, suka tarar randa ta cika taf da ruwan sanyi, wani ma ya kawo moɗa, matafiya na sha suna sa albarka. Suka bar musu ita. Ka ga randa a rabin hanya ta tsaya, ƙafa ce ta isa. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.