Mai Barci a Kwalekwale

"Ɗiyata, maimaita mana abin da kika ji," in ji Fasto, ya ajiye takardar.

Ni suka zaɓa saboda a aji uku na tsaya. Haka masu fassara suke yi: su karanta wa mai ƙaramin ilimi sabuwar fassarar littafi mai tsarki da harshen Alur, in ya gane, a kai wa masu bugawa.

Wata biyu ke nan da tafki ya haɗiye mijina, muka binne kututturen ayaba a madadinsa. Da ƙyar nake riƙe da addu'a tun ranar.

Na sunkuyar da kai. "Iska ta taso, ruwa yana cika kwalekwale, Ubangiji yana barci. Almajiransa suka tashe shi, ya tsawata wa ruwan, kowa ya kai gaɓa."

"Ka ji ko?" Fasto ya zunguri abokin aikinsa. "Kai da digirinka sai ka kwana kana kewaye-kewaye."

"Baba," na ce, "tsohuwar fassarar ta yi mini nauyi, ban taɓa sanin ana iya tashin Ubangiji ba. Wanda ya tsira a jirgin mijina ya ce sun yi ta kiran Ubangiji har ruwa ya cika bakinsu. Ku karanta mini wurin da aka faɗi dalilin da bai farka ba."

Fasto ya juya takardar. Bayanta fari fat.

Abokin aikinsa ya daɗe yana kallon biron hannunsa, sannan ya rubuta a gefen shafin: ta gane.