Igiyar Kuka a Bakin Rijiya

Kai da kake ce mini kayan da sun tashi aiki, gyara zama ka ji wannan. A wani ƙauye aka yi rijiya mai gaba ashirin, ita kaɗai ke shayar da mutane da dabbobinsu. Wata bazara ta cushe da laka, aka kira mai yasar rijiya, aka zura shi da igiyar roba irin ta kasuwa, mai launi da sheƙi. Ba wanda ya tuna cewa rani biyu ta yi yashe a rana. Mutumin ya kwashe laka har idon ruwa ya buɗe, ya yi kira a jawo shi. Bai fi gaba biyu da tasowa ba igiya ta ce tas! Ya koma ƙasa, ƙafa ta karye, ga ruwa yana ɓulɓulowa, tun yana gwiwa har ya kama masa ƙugu. Aka ruga aka kwanto igiyoyin shanu aka ƙulla, duk na roba ne da suka sha rana, wadda aka gwada da ƙarfi sai ta tsinke a hannu. Wani har rawaninsa ya warware, ka ji dabarar ruɗewa.

To, a ƙarshen gari akwai wani tsoho mai tufka igiya, wanda aka daɗe da daina tsayawa a rumfarsa ran kasuwa. Shi da bishiyar kuka yake aiki, kuma ya san ta ciki da bai. Ya san itacenta ba ya turmi ba ya azara, don laushi gare shi kamar soso, ruwa ne maƙare a ciki. Ya san idan ta zubar da ganye da rani ta tsaya tsirara, ba mutuwa ta yi ba, tattalin ruwanta take. Abin da ya fi burge shi kuwa ɓawonta: wata bishiyar in ka ɓare ta ka kashe ta, amma kuka sai ta sake yin sabuwar fata. Yakan yanki ɓawon daga gwiwa zuwa kafaɗa, ya daka a kan dutse, ya jiƙa, ya tsefe, ya murza a cinya har gashin wurin ya ƙare, sannan ya ƙyale bishiyar shekaru ta warke. Ko da ciniki ya mutu bai bari ba. Wata doguwa ya yi ta tufkawa, riɓi uku, ya rataye ta a ɗaki inda hayaƙi ke ratsa ta. Ana yi masa dariya, abin yana masa ciwo, amma ko sau ɗaya bai ji kunyar sana'arsa ba.

Da ihu ya iso masa, bai tsaya neman takalmi ba. Ya saɓo igiyar a kafaɗa, baƙa ƙirin, ya ratsa taro, ya yi mata zarge ya zura. Lokacin ruwa ya kai wa mutumin ƙirji. Mai gari ya dubi igiyar, ya dubi tsohon, ya ce, “Baba, rai ne fa a ƙasa. Za ta ɗauka?” Tsoho ya ce, “Ranka ya daɗe, kukar da na ɓaro wannan, kakana ma ita ya ɓara, ga ta can tsaye. Ku ja kawai.”

Maza takwas suka kama. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara a kan itacen bakin rijiya, ta ci itacen har ya yi zurfi, amma ko zare ɗaya bai balle ba. Aka fito da mutumin jiƙe sharkaf, yana salati. Tsoho bai jira godiya ba. Ya naɗe igiyarsa gaba-gaba a gwiwar hannu, a hankali, don kowa ya gani da kyau, ƙirjinsa cike da alfahari. Da mai gari ya roƙi a bar wa rijiya ita, sai ya ce sai an kafa mata gwafa a inuwa tukuna, don shi ba ya ba da kayansa a wulaƙanta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.